Bas ɗin Gidan Dambe a Cikin Kwari

Mata masu kai wa 'yan lambu koko ne suka fara ganinta. Bas ɗin gidan damben Sama'ilu ta kafa hanci a cikin kwarin da ke ƙasan gari, daidai inda hanyar Watari ke karya kwana, tayoyinta na baya sun ɗaga sama kamar jakin da ya yi tutsu ya daskare. Gilashin gaba ya tarwatse. Ruwan lagireto ya tsiyaye ya haɗu da taɓo.

Kafin hantsi ya dubi ludayi rabin Tudun Kanya na wurin.

Sama'ilu mahauci ne, tsohon ɗan dambe, shi ya kewaye fili a bayan gari yana horar da samari. A waya aka same shi yana hanyar kasuwar Kunci, ya juyo a bayan ɗan acaɓa. Ya tsaya a bakin kwarin, faffaɗan ƙirjinsa na hawa da sauka. Watannin nan motar ta cinye shi da rai. Yau birki, gobe fitilar baya, jibi marfin baya ya lotsa ba a san dalili ba. Har ragunan da ya turke ya sayar ya zuba mata, don ita ke kai yaransa wasa birni da ƙauye.

"Makulli dai ɗaya ne," in ji wani daga cikin taron, "kuma kowa ya san aljihun da yake kwana."

"Ai an daɗe ana cewa yana ɗaukar kwandunan tumatir da ita a ɓoye."

"Dubi takalminsa mana."

Idanu suka koma kan Umara direba. Dogo ne siriri, ɗan gidan Barebarin da kakansu ya zo daga Borno ya yi gida a nan tun kafin a gina dam. Shi ke neman Hure 'yar Sama'ilu, an karɓi gaisuwa, sa rana kawai ya rage. Takalminsa kuwa ya yi dumu-dumu da baƙin taɓon kwarin, har ya fara bushewa.

"Umara, ina kake bayan sallar asuba?" Sama'ilu ya tambaya.

"Baba, ban tayar da motar nan ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Umara ya sunkuyar da kai.

"Mota ƙarfe ce, ana gyara ta," in ji Sama'ilu. "Amma mutumin da zai dube ni ya ɓoye min gaskiya, ba zan ba shi 'ya ba. Ka je ka yi tunani. In la'asar ta yi ban ji komai ba, zan aika a mayar wa mutanenka da gaisuwarsu."

*

Malam Tasi'u mai bin sawu yana zaune a gindin darbejiya yana gyaran tarko sa'ad da Hure ta yi sallama. Bafulatani ne da ya daɗe da ajiye sandar kiwo. In akuya ta ɓata ko an yanke wa wani dawa a gona, shi ake kira ya karanta ƙasa. Aminin kakan Hure ne, don haka tun tana rarrafe yake kiranta matarsa.

"A'a, uwargida da kanta. Wane laifi na yi?"

Ta durƙusa. Idanunta sun kumbura.

"Kaka, ka zo ka duba. Wallahi ba shi ba ne."

"Kin ƙi ni, kin zaɓi Babarbare, yau kuma ni zan tashi in ceci kishiyata?"

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Tsohon ya ajiye tarkon, fuskarsa ta sauya.

"Ya gaya miki inda ya je?"

"Ya ƙi. Na aika masa saƙo, ya ce in yi haƙuri kawai."

"To ki sani, Hure, ƙasa ba ta san surukin kowa ba. In ta ce shi ne, haka zan faɗa."

"Na yarda. Ni na san shi."

Ya ɗauki hularsa da wani guntun karan dawa da yake auna sawu da shi, ya miƙe.

*

A bakin kwarin Malam Tasi'u ya yi tsaki. Jama'a sun tattake ko'ina, har da mai sayar da gyaɗa. Sai ya leƙa ƙarƙashin motar, inda ƙafafun Fatihu bakanike suka fito waje.

"Fatihu, fito mu gaisa. An ce tun da motar nan ta fara ciwo ka sake rufin shagonka."

Fatihu ya fito yana goge hannu, ransa a ɓace.

"Na ji abin da ake faɗa, Malam. Wai ni nake kwance abu don a dawo min da ita. Ni da nake kwana a Ungogo wajen iyalina, yau ma ƙarfe nawa na sauka daga mota? Tambayi 'yan tasha."

"Zan tambaya. Me ke damunta?"

"Abin da ya ɗaure min kai ke nan. Birkin gaba lafiya lau. Na baya ne ke cinyewa, in sa sabo, a dawo min da shi kamar an goga a dutse. Sai ka ce ana tafiya da birkin hannu a ɗage. Yau kuma wayar birkin hannun ce ta tsinke gaba ɗaya."

"Direban kirki zai yi haka?"

Fatihu ya girgiza kai.

"Umara ba ya yi. Amma mutum in yana sauri a ɓoye, yana iya mantawa."

"Mai fa? An sha?"

"Yana nan inda na bar shi shekaranjiya. Sai dai in ya ƙara da kuɗin dakon."

Malam Tasi'u ya gyaɗa kai. Ya aika tasha, aka dawo aka ce gaskiya ne, Fatihu a motar farko ya iso, rana ta riga ta fito.

*

Ya sami Umara a zauren gidansu, ya haɗa kai da gwiwa.

"Kai Babarbare, ba ka ga ubangidanka ba ne? Tashi ka ba ni tabarma."

A kullum Umara kan rama, ya ce tun yaushe Bafulatani ya san tabarma. Yau sai ya miƙe kawai ya shimfiɗa. Wannan ya fi komai taɓa zuciyar tsohon.

"Ba ni takalminka."

Ya juya shi, ya auna da karan dawa, ya duba inda dunduniyar ta cinye ta gefe guda.

"Ka je kwarin."

"Na je."

"Kafin motar ta faɗa ko bayan ta faɗa?"

Umara ya kawar da kai gefe.

"Ka san yarinyar can tun safe ko ruwa ba ta sha ba?"

Umara ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Baba Tasi'u, in na yi magana na rasa, in na yi shiru na rasa. Gara in rasa, bakina a rufe."

"To, ka faɗi abu mai yawa," in ji tsohon, ya miƙa masa takalminsa.

*

Maimakon ya koma cikin taro, sai ya hau gangaren ta gefe, inda ƙafa ba ta taka ba. Sawun tayoyin na nan raɗau a kan jar ƙasa. Ya bi su a hankali, yana tsugunawa yana tashi. Daga tudu har kwana layi ɗaya ne miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiyar magina. Ba inda aka taka birki. Ba inda aka ko gwada karkata sitiyari, alhali ga kwana tana kallon mutum. Ko kayan maye ya sha, direba yakan yi yunƙuri.

A gefen hanya, kusa da kwarin, ya ga sawun dunduniyar nan da ta cinye ta gefe. Sawun ya fito daga cikin gari ne, da gudu, ya hau kan sawun taya. Ya gangara cikin taɓo har ƙofar direba, ya fito, sannan ya tsaya wuri guda ya daɗe, ƙafafun na fuskantar tudu. Umara ya zo bayan motar ta faɗa, ya leƙa ko akwai wanda ya ji rauni, sannan ya tsaya yana kallon wani abu a sama.

Malam Tasi'u ya juya shi ma ya kalli tudun. Ba komai a can sai katangar langa-langa ta gidan dambe.

*

A cikin filin samari biyar na ta dukan buhun yashi kamar su fasa shi. Babbansu Yahya ne, ɗan Sama'ilu na fari, yayan Hure, ƙato mai sanyin murya. Da ganin tsohon suka zube suna gaisuwa.

"Sannunku da aiki, maza. Ana makokin mota, ku kuna nan?"

"Wasa ya kusa, Baba," in ji Yahya.

"Da asuba ba ku ji tashin inji ba?"

"Ba mu ji ba."

"Ba mu ji ba, wallahi," in ji Abdulrashid, na kusa da shi, da sauri.

Malam Tasi'u ya lura da rantsuwar. Ta fito da ƙarfin wanda ya samu tambayar da zai iya amsawa da gaskiya.

Ya zaga inda ake ajiye motar, wani dogon fili shimfiɗaɗɗe a jikin katanga. An share shi tas, da reshen darbejiya, tun daga inuwar har bakin gangare.

"Masha Allahu. Yaushe 'yan dambe suka koyi shara?"

"Tsafta ce kawai, Baba."

"Cikon addini ce kuwa," in ji tsohon. Ya dubi ɓawon rake da ledojin ruwa da suka taru a ɗaya gefen filin.

Zargi ya samu, amma shara ba shaida ba ce. Rana ta karkata. Ya gangaro yana tunanin Hure, da yadda take riƙe masa yatsa tana yarinya in za su tsallake kwata. A bakin kwarin ya tsaya, ya ɗaga kai don ya duba lokaci. Sai idonsa ya sauka a kan marfin bayan motar, can sama, inda hannun kowa bai kai ba tun safe. Hasken yamma ya kwanta a kan ƙurar da ke jikinsa a karkace.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a nemo masa tsani, kuma kada kowa ya taɓa motar.

*

Bayan sallar la'asar aka taru a bakin kwarin. Mai unguwa ya zauna a kan turmin da aka kifa masa. Ga Sama'ilu, ga Umara da kawunsa, ga Fatihu, ga 'yan damben a jere a baya. Mata sun tsaya nesa kaɗan a gindin mangwaro, Hure a cikinsu ta ja mayafi har goshi.

"Fatihu," in ji Malam Tasi'u, "motar nan in ba makulli a jiki, sitiyarinta na juyawa?"

"Kullewa yake yi."

"Ƙofarta fa?"

"Ta gefe ba ta kulluwa. Ko yaro zai buɗe."

"To motar nan ba tuƙa ta aka yi ba. Ba kowa a cikinta lokacin da ta gangaro. Shi ya sa ta zo kwana ta wuce kai tsaye. Umara daga gida ya jiyo ƙara, ya zo da gudu, sawunsa a kan na taya yake."

Aka fara guna-guni.

"To aljanu ne suka turo ta?" wani ya tambaya.

"Aljanu masu cin tuwo. Sama'ilu, ni ban san dambe ba, kai ka san shi. Hau tsanin nan ka karanta mana."

Sama'ilu ya hau, tsanin na kuka a ƙarƙashinsa. Ya kai fuskarsa kusa da marfin. A cikin ƙurar akwai tafukan hannu a buɗe, manya-manya. Kusa da kowane tafi kuma akwai wani tambari zagayayye mai layi-layi. Bai buƙaci a gaya masa ba. Shatin igiyar da ɗan dambe ke naɗe dunƙulen hannunsa da ita ne, wadda in an ɗaura da safe ba a kwancewa sai an gama horo, saboda wahalar ɗaurin. Biyar ne a jere. Huɗu igiyar na dama, tafin na hagu. Na tsakiya kuwa, wanda ya fi kowanne nutsewa har marfin ya lotsa, igiyar na hagu take.

Ya sauko a hankali kamar wanda ya tsufa a kan tsanin.

"Bahago ɗaya gare ni," ya ce. "Kuma ni na haife shi."

Yahya ya fito daga layi ya durƙusa. Sauran huɗun suka bi shi.

"Baba, tun ranar da aka kai ni ƙasa a Kano ka ce hannu gare ni, ba ni da ƙafa. Maganar ta hana ni barci. Sai muka gani a waya, 'yan damben ƙasashen waje suna tura mota don ƙarfin cinya. Duk ranar da ka yi sammakon kasuwa sai mu tura ta, mu kai ƙarshen fili, mu dawo da ita."

"Birkin fa?" Fatihu ya tambaya.

Abdulrashid ya sosa ƙeya.

"Ta yi mana sauƙi ne, mu biyar. Sai muke ɗaga birkin hannu don ta ƙara nauyi."

Fatihu ya dafe kai. Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya, mai unguwa ya harare shi, amma shi ma gemunsa na motsi.

"Yau muna cikin turawa da ƙarfi wayar ta tsinke," Yahya ya ci gaba. "Ta kuɓuce mana. Mun bi ta, ba mu cim mata ba."

"Wato ragunana na sayar don ku yi cinya," in ji Sama'ilu. Sannan muryarsa ta sauka. "Wannan wauta ce, ni ma na yi irinta ina saurayi. Amma Yahya, kana tsaye a nan da safe. Kana ji ina tozarta mutumin nan a gaban gari. Ka san ya gan ku, ka san don kai ya yi shiru, ka bar shi. Wannan ba a gidana ka koya ba."

Ƙaton nan da maza ke tsoron hagunsa ya kifa fuska a ƙasa yana kuka kamar yaro.

"Na yi ta cewa zan faɗa, Baba. Duk sanda na buɗe baki sai in ga fuskarka." Ya juya. "Umara, ka yafe min."

Umara ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi.

"Tashi, Yaya. Mutane na kallo."

Sama'ilu ya matso. Bai saba ba da haƙuri ba, kalmomin suka fito masa da ƙyar.

"Umara, na zalunce ka. A gaban mutanen nan na faɗi magana, a gabansu nake janye ta." Ya dubi kawun. "Malam, gobe in Allah ya kai mu ku zo a sa rana. Ku zaɓi wadda ta yi muku." Sannan ya waiwayi yaransa. "Ku kuma tun da tura mota kuke so, ga ta nan. Ku fito da ita, ku kai ta shagon Fatihu. Hawa ne duk hanyar, ba sai kun ɗaga birki ba."

*

Gab da magariba Malam Tasi'u ya biyo ta ƙofar gidan Sama'ilu zai wuce masallaci. Ya hango su a bakin zaure, Umara a tsaye, Hure a kan dakali ta juya masa rabin baya. Tsohon ya rage tafiya, ya tsaya gyaran takalmin da ba abin da ya same shi.

"Na ɗauka za ki yi murna," Umara ke cewa.

"Na yi. Na gama. Yanzu fushi nake."

"Hure."

"Da Kaka bai ɗaga kai ya ga marfin nan ba fa? Da yanzu an mayar da gaisuwa, kai kana gida kana haƙuri, ni ina ɗaki ina haƙuri, shi ke nan?"

"Yayanki ne. Da wane ido zan shiga gidanku in na fara da tona asirin ɗan gida a gaban mahaifinsa?"

"Ni kuma 'yar maƙwabta ce?" Ta juyo, hawaye na sheƙi a idonta. "Ka ji kunyar Baba, ka ji tausayin Yaya Yahya. Ni kaɗai ce aka ce in yi haƙuri, ko dalili ba a ba ni ba."

Umara ya buɗe baki, ya rufe. Ya kalli ƙasa.

"Ka gani ko? Ka sake."

"Ban san abin da zan ce ba ne. Kin fi ni gaskiya."

Ta goge ido da gefen mayafi. Ta daɗe tana kallonsa, dogon mutumin nan da ya yarda ya rasa ta don kada ya kunyata gidansu, har fushin ya rasa inda zai zauna. Ta ɗan matsa, ta bar masa wuri a ƙarshen dakalin.

"Ban hana ka shirunka ba, Umara, don shi na so ka. Amma daga yau, in za ka yi shi, ka zo ka gaya min tukuna, sai mu yi shi tare."